Fitilar Motar Alhaji da Ta Kai Ni Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a tashar Funtuwa ba. Da na zauna kan benci sai wani ya matso: Bitrus, wai da gaske ka ga teku? Wai da gaske mata ke tuƙa babur a can? Wai me ya raba ka da Alhaji Mamman? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki guntu ya je ya ƙara masa gishiri. To ga shi nan gaba ɗayansa, daga yau kada a sake tare ni da shi ina lodi.

Ga wanda bai san ni ba, ni mutumin Tsiga ne, a majami'a na tashi. Na daɗe ina tuƙa Alhaji Mamman dillalin auduga, tun yana da akori-kura guda har ya zama mai manyan motoci da gona a Mahuta. Duk tsawon zaman nan ko kwalin ashana bai taɓa ɓata a hannuna ba, shi da kansa ya sha faɗin haka a gaban mutane. Shekarar da aka ba mu jihar Katsina sai ya sayo wata ƙatuwar motar Jamus daga Kwatano, baƙa wuluk, ya miƙa mini makulli ya ce ban da ni kada wanda ya zauna a kujerar direba.

Farkon damina, wata Lahadi, na tafi Tsiga sujada da duba gonar tsohuwata, na bar makulli hannun Alhaji kamar kullum. Litinin da safe na dawo na tarar ana ta murna, wai taraktar gonar Mahuta da ta daɗe a kwance ta tashi, har an fara huɗa. Na taya su murna, na shiga mota na murɗa makulli. Fitilun gaban direba suka kama kamar yadda suka saba, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, sai guda ɗaya ruwan ɗorawa mai haruffa uku, ABS, ta ƙi mutuwa. Na kashe na sake tayarwa, tana nan tana kallona. Na taka birki, birki na kamawa lafiya lau.

Na kai ta wurin Audu mai wayarin. Ya buɗe akwatin fis ya duba su kaf, babu wanda ya ƙone. Man birki a cike yake. Ya sosa ƙeya, ya ce tunda birki na ci, ai aikin ba wuya, bari ya zare ƙwan fitilar kowa ya huta. Kun dai san yadda muke yi. Fitila ta dame ka, a cire ƙwai, ko a liƙa mata baƙin salatif, shi ke nan mota ta warke. Na ce masa ba a motar da nake ɗaukar 'ya'yan mutane ba. Waɗanda suka ƙera ta ba don ado suka sa fitilar ba, wani abu take faɗa, mu ne ba mu ji yarenta ba.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Da la'asar, a zauren Alhaji, ga masu awon auduga ga maƙwabta a zazzaune, sai Malam Lawal, ƙanen Alhaji, ya gyara zama. Ya ce shi dai abin da ya sani, motar da mutum ɗaya ke taɓawa in ta fara ƙorafi an san inda za a duba, don direbobin yanzu sun iya zare kayan asali su sayar su mayar da na jabu. Ina tsaye a bakin ƙofa ya faɗa. Na dubi Alhaji ina jiran ya tsawata masa. Alhaji ya ci gaba da ɓare goronsa, bai ce uffan ba. Maganar Lawal ba ta ƙona ni kamar shirun nan ba.

Kafin mako ya zagayo zance ya kai Tsiga. Matata Saratu ta je injin niƙa, wata ta shafa sabon zanenta ta tambaye ta ko wane ɓangaren mota ne wannan. Matan suka kwashe da dariya. Ta dawo gida ta dire kwano, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Ni ba na rantsuwa, an hana mu tun muna yara, amma ranar na yi wa kaina alkawari sai na wanke sunana ko da ƙarshen duniya zan je.

Na sami Alhaji na ce ya ba ni izini in mayar da motar inda ta fito. Ba don babu makanikai a Kaduna ko Ikko ba, a'a, wanda ya duba ta kafin a sayar masa shi kaɗai ya san abin da ke cikinta ranar da ta baro hannunsa. In ya ce an zare ko ƙusa ɗaya, a miƙa ni ga 'yan sanda. Alhaji ya ce to, amma Lawal zai bi ni ya riƙa taya ni hira. Hira! Na san gadi in na gan shi.

Muka ɗauki hanyar Birnin Gwari da sassafe. Ba mu yi nisa ba Lawal ya ce fitilar nan na shiga masa ido, ya cire hularsa ya kife a kanta. Na ɗauke na ajiye masa a cinya. Ya mayar, na sake ɗaukewa. Haka muka yi ta yi, har na ga in na biye masa zan afka rami, na ƙyale shi.

Gab da Birnin Gwari aka yi ruwa aka ɗauke, kwalta na sheƙi. Muna karya wata kwana sai ga gingimarin katako ta mutu a tsakiyar titi, ko ganye ba su zuba ba. Na take birki iya ƙarfina. Tayoyi suka ƙame, mota ta ɗauki santsi kamar an zuba mata miyar kuɓewa, ina juya sitiyari ba ta ji. Allah ya taimaka muka zame gefe muka tsaya cikin taɓo, gab da ƙarfen gingimarin. A nan na gane abin da fitilar ke faɗa. Da can in na take birki a jiƙaƙƙiyar hanya sai in ji yana bugun tafin ƙafata, tayoyi ba sa ƙamewa, mota na bin sitiyari. Wannan abin ne ya daina aiki. Na gaya wa Lawal, ya ce ba wani nan, gaggawata ce, dama an ce ina da zafin ƙafa. Na ce zafin ƙafar ne ya sa yake zaune yana magana.

Daga Tegina zuwa Mokwa ba abin labari sai ramuka. A Jebba muka ƙetare kogin Kwara, mata suka yanyame mota da busasshen kifi a tire, kowace na tura nata ta taga. Na sayi nawa na ci da barkono har ina gumi. Lawal kuwa ya zo da kilishi da ƙuli-ƙuli daga gida a ƙunshe, ya ce shi ba ya cin abincin da bai san hannun da ya dafa ba. A Ilori muka kwana, aka kawo mana wani baƙin tuwo na garin doya da miya mai yauƙi. Ya leƙa kwanon ya ce tuwon ya ƙone. Na cinye nawa na haɗa da nasa, kuma ina gaya muku in aka sake ba ni zan ci.

Da safe ya matsa sai mun gwada makanikan Ilori, wai ko ma huta da sauran tafiyar. Na farko ya ce sai an canza tukunyar birki gaba ɗaya, amma ba shi da ita, bai ma taɓa ganin irinta ba. Na biyu ya leƙo ta taga, na ɗaga masa hular ya ga fitila, ya yi dariya, ya zaro sukundireba daga aljihu ya nuna mini da hannu zai cire ƙwai. Ashe ba Funtuwa kaɗai ba ce, duk ƙasar makarantarmu ɗaya. Na ɗaga gilashi na ja mota.

Ikko ba zan ba ku labarinta ba, don ban ga komai ba sai bayan motar da ke gabana. Muka fice ta hanyar Badagiri muka isa iyaka rana na tsaka. Ɓangarenmu aka duba takardu muka wuce. Ɓangarensu muka tarar da taga a rufe, wai mai buga hatimi ya tafi hutun rana. Na ɗauka wasa ne. Ashe a ƙasar nan da rana ta take, ofis da kanti da gareji duk sai a rufe, kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. A Funtuwa ka rufe shago da azahar ka je barci, ai sai a zo gaishe ka da jiki.

Da aka buɗe sai wani jandarma dogo, wato ɗan sandan can, ya zo duba mota. Ya sa na danna oda, na kunna sigina hagu da dama, na nuna masa tukunyar kashe wuta. Can ya hango hula a kife gaban sitiyari, ya sa yatsa biyu ya ɗaga. Ga fitila tana ci. Ya haɗe rai ya fara zuba Faransanci. Wata Bazabarma mai sayar da goro a wurin ta yi mana tafinta, ta ce tambaya yake don me muke ɓoye ciwon mota. Na ce ta gaya masa ni ban ɓoye ba, saboda fitilar nan na baro garinmu, mai hular ga shi nan a zaune. Jandarma ya dubi Lawal, ya kaɗe hular a cinyarsa, ya ɗora masa a ka da hannunsa, har da gyara mata zama. Daga nan har Kwatano hular ba ta sake barin kan mai ita ba.

Masaukinmu a Zango ne, unguwar Hausawan Kwatano, gidan Malam Idi, wani Bagobiri da ya tsufa a can, shi ne dillalin da ya haɗa Alhaji da motar. Ya tambayi sunana na ce Bitrus, na jira in ga ko fuska za ta canza. Ya ce madalla, ya sa aka shimfiɗa mini katifa ɗaki ɗaya da Lawal, ya kuma nuna mini inda majami'a take in Lahadi ta riske mu. Hausar mutanen Zango sai ka kasa kunne, rabinta Faransanci ne, amma gaisuwa tana nan yadda muka san ta, har ta fi tamu tsawo.

Ku masu tambayar mata da babur, gaskiya ne. Na ga mace da goyo a baya, kwando a gaba, tana tsala gudu tana yi wa maza oda. Na ga ana sayar da fetur a kwalabe a bakin titi kamar man gyaɗa. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, ya yanke mini dasashi ranar farko, da na saba kuma sai namu ya koma mini kamar auduga. Abin da ya fi ƙarfina miyar kuɓewa ce da aka kawo da ƙaguwa a ciki, sukutum da ƙafafuwanta, tana leƙo ni. Nan na ajiye cokali. Lawal kilishinsa ya ƙare, yunwa ta sa ya ci wani farin tuwon kamu da miyar tumatir, ya kwana yana zarya da buta. Teku kuwa na gan shi. Ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya, ba kuma a shan sa. Ni ba shi ya kawo ni ba.

Washegari Malam Idi ya kai mu garejin da aka duba motar kafin a sayar. Mai garejin wani dattijo ne mutumin Togo, sunansa Kwami, amma kowa Metir yake ce masa, wato oga. Abin da na fara lura da shi bango ne: kowace sifana da ƙusarta, an zana siffarta da fenti, in babu ita a wurin kowa ya gani. Na tuna garejinmu, inda sifana goma sha uku ke yawo daga aljihu zuwa aljihu.

Kafin komai na ce Malam Idi ya gaya masa ba gyara ne ya fara kawo ni ba. An ce na zare kayan motar nan na sayar, ina so ya duba ya faɗi gaskiya a gaban wannan bawan Allah. Metir ya dube ni, ya dubi Lawal, ya buɗe bonet. Ya nuna mana wani abu da ni kaina ban taɓa kula da shi ba. Duk motar da ta bi ta hannunsa yakan ɗiga jan fenti a kan manyan ƙusoshi, rabi a ƙusa rabi a jikin ƙarfe, in aka kwance dole ɗigon ya rabu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na tukunyar birki, na dinamo mai cajin batir, ya sa aka ɗaga mota ya nuna na ƙasa. Ko ɗaya bai motsa ba. Na ce Malam Lawal ya sunkuya ya gani da idonsa. Ya ce ya yarda. Na ce a'a, gadi aka turo shi, ya yi gadinsa. Sai da ya tattare babbar riga ya durƙusa a cikin baƙin mai ya leƙa.

Sannan Metir ya koma kan fitila. Bai taɓa komai ba sai da ya yi mini tambayoyi kamar likitan asibitin mishan. Fitilar tun daga tayarwa take zama, ko tana mutuwa sai an fara tafiya ta dawo? Na ce tun daga tayarwa. Ya ce wannan ya rage aiki. Motar tana da wasu 'yan ƙarafa masu maganaɗisu, biyu a tayoyin gaba, guda a baya, su ke ƙirga juyin taya su kai rahoto ga wani akwatin lantarki, shi kuma in ya ga taya za ta ƙame sai ya riƙa sassauta birki yana kamawa. In ɗayansu ne taɓo ya toshe, yawanci sai mota ta motsa fitila ke kamawa. Tunda tamu ba ta jiran tafiya, ya fi zargin wuta ce ba ta isa akwatin ba. Duk da haka bai yarda da zato ba. Ya auna batir da mita, lafiya. Ya auna ƙarafan nan uku, lafiya. Ya zare filogin akwatin ya auna, allurar mita ko motsi.

Na ce ai mai wayarinmu ya duba fis kaf. Ya ce na cikin akwatin fis ya duba. Ya bi waya da yatsa har can wani lungu bayan inji, ya zaro wani ɗan abu kamar ƙaramin gwangwanin madara, da murfi a kansa. Ya ɗaga murfin, sai ga wani fis shi kaɗai a ɓoye, ya ƙone ƙurmus. Abin bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Na tsaya ina kallonsa, na tuna kwanon Saratu da ta dire, na ji kamar in yi kuka, na ji kamar in mari wani.

Metir ya ce wannan fis ba ya ƙonewa haka kawai, mai gadi ne, in wuta ta yi tsalle shi ke mutuwa don akwatin ya tsira. Sai ya tambaya, Malam Idi ya fassara: wa ke cire batir a motar nan inji na aiki?

Ku direbobi kun san abin. Wata mota ta ƙi tashi, sai a tayar da mai lafiya, a bar ta tana aiki da dinamo, a zare batirinta a kai wa maras lafiya, ta tashi a dawo da shi. Kowa na yi, ni ma na yi a tsofaffin motoci ba sau ɗaya ba, ba abin da ya same su. Amma wannan ban taɓa yi mata ba. Sai taraktar Mahuta ta faɗo mini a rai. Na juya in dubi Lawal, sai na ga bayansa, wai ya tafi neman ruwan alwala, alhali ko hantsi bai gama ba.

Metir ya sa sabon fis. Na murɗa makulli, fitila ta kama, ta mutu. Ya ja mini kunne kada a kuskura a naɗa masa waya ko takardar sigari irin yadda ya ji muna yi, in aka yi haka akwatin ne zai ƙone. Ya ba ni wasu na ajiya, na zuba a aljihun mota, ƙonannen kuma na sa a aljihun rigata. Ya kai ni wata hanya mai yashi ya ce in take birki, in na ji yana bugun ƙafata kada in ɗaga, in danne in juya sitiyari inda nake so.

Muka kamo hanyar dawowa. Tsakanin Mokwa da Tegina ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, sai ga garken shanu sun fantsamo titi daga cikin ciyawa. Na danne birki, ya hau bugun ƙafata, ban ɗaga ba. Mota ta bi sitiyari, na kauce wa wani farin bijimi, muka tsaya cak a kan kwalta. Bafulatanin ya ɗaga mana sanda ya wuce abinsa. Lawal ya daɗe yana salati. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, ranar Lahadin nan Alhaji ne da kansa ya tuƙa motar zuwa Mahuta, shi ya ce a bar ta tana aiki a zare batir a tayar da tarakta, shi ya riƙe sifana. Ba wanda ya kawo a ransa hakan na da alaƙa da fitilar.

Na ce to, ai magana ta ƙare, sai mu je mu faɗa. Ya ce in rufa wa yayansa asiri, in ce ciwon mota ne daga can, shi kuma zai sa a ƙara mini albashi. Na ce cire batir ba abin kunya ba ne, duk Funtuwa wa bai taɓa yi ba? Abin kunya shi ne a kira mutum ɓarawo a zaure, a zo a ba shi haƙuri a daji, shanu ne kaɗai shaida.

Mun shiga Funtuwa da la'asar, na kuwa ji daɗin haka, don zauren a cike yake da mutanen ranar nan. Na tsayar da mota a ƙofa, na kira Audu mai wayarin da duk mai son gani, na murɗa makulli, fitila ta kama ta mutu. Na shiga na durƙusa na gaida Alhaji, na ajiye ƙonannen fis a kan tabarmarsa. Na faɗi maganar jan fenti, na faɗi abin da Metir ya ce ke ƙona fis ɗin. Ban kama sunan kowa ba.

Alhaji ya juya fis ɗin da ɗan yatsa. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Mota ta gyaru, magana ta wuce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mota ta gyaru. Maganar sata fa?"

Ya ce wa ya ce na yi sata?  Lawal ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na ce a nan aka faɗa, a gaban waɗannan mutanen, a nan nake so a janye, ba na neman komai bayan wannan. Alhaji ya ce in je in huta, gajiyar hanya ce, gobe akwai sabuwar shadda da ya ajiye mini. Na ce shadda ba ta zuwa injin niƙa ta yi wa matata bayani. Fuskarsa ta canza, ya ce, "Bitrus, kada ka zaƙe."

Ina son mutumin nan, har yau ina son sa, shi ya biya wa tsohuwata asibiti. Kalma kaɗan nake jira daga bakinsa, ya kasa. Na zaro makulli na ajiye inda fis yake, na ɗauki fis ɗina, na ce na ajiya suna aljihun mota, na yi masa sai an jima. Da na isa Tsiga Saratu ta karɓi fis ɗin ta ƙulle a bakin zanenta, washegari ta tafi injin niƙa da shi alhali ba ta da niƙa.

Yanzu kun ga bas ɗin da nake ja, Funtuwa zuwa Malumfashi, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, ba ta da fitilar gargaɗi ko ɗaya, in ta gaji tsayawa kawai take yi. Kwanakin baya ina lodi sai ga baƙar motar ta shigo tasha, Sule surukin Lawal ne a kujerata. Ya ja ni gefe yana raɗa, wai fitilar nan ta dawo, ga fis a aljihun mota amma ba wanda ya san inda ake sa shi, Lawal ya ce shi lokacin yana alwala. Na leƙa, sai ga baƙin salatif a liƙe. Zuciyata ta ce in ƙyale su. Sai na tuna 'ya'yan Alhaji ne ke zama a bayan motar nan, da hannuna na riƙa kai su makaranta. Na ɓare salatif ɗin, na ce ya buɗe bonet a nan tsakiyar tasha, ba a lungu ba. Direbobi suka taru, har da waɗanda suka daina amsa gaisuwata. Na zaro gwangwanin, na canza fis, fitila ta mutu. Sai na tambaye shi da ƙarfi ko an sake tayar da tarakta ne.

Sule bai san dawan garin ba. Ya ce, "Ƙwarai, jiya a Mahuta. Alhaji ya ce a zare batir kamar wancan karon, gona ba ta jira."

Da yawanku kuna wurin, kun ji dariyar da aka yi. Ni ban yi ba. Na rufe bonet na miƙa masa ƙonannen, na ce ya kai wa Alhaji, ya ce Bitrus na gaishe shi, kuma har yanzu ya san hanyar zauren in an shirya faɗin maganar nan. Daga nan na koma na ci gaba da lodina, saura mutum biyu mota ta cika.